Yadda 'yan sikawut za su kafa wa makaranta bencunan ajin waje masu ƙarko

Ajin waje wuri ne a harabar makaranta da malami zai fito da ɗalibansa su zauna a sarari su yi darasi, ko karatu ne, ko nazarin tsirrai da ƙwari, ko muhawara. Aiki ne da ya dace da ƙungiyar sikawut, domin akwai awo a ciki, akwai yankan katako, akwai tono da kwaɓa kankare, kuma yaro ɗan shekara 11 da saurayi ɗan 17 kowa zai samu abin da zai riƙe. Sai dai benci na waje ba daga sama yake mutuwa ba. Daga inda katako ya haɗu da ƙasa yake fara ruɓewa, sai kuma wuraren da ruwa ke samun wurin kwanciya. Duk wanda zai jagoranci aikin ya sa wannan a ransa tun daga ranar farko, don kusan kowace shawara da ke ƙasa daga nan ta samo tushe.

Tsarin da za a bi shi ne bencuna 8 marasa majingina, kowanne tsawon mita 1.8, a jere biyu masu siffar rabin da'ira, na ɗalibai 32 na firamare.

Abin da za a gama da makaranta tukuna

Kada a sayi ko ƙusa ɗaya sai an zauna da shugaban makaranta da malaman da za su yi amfani da wurin. A tambaye su yawan ɗaliban aji mafi girma, da shekarunsu, da lokacin da ake son fitowa, ko safe ko bayan rana ta take. A tambaya ko akwai ɗalibi mai keken guragu. A tambaya kuma wa zai riƙa duba bencunan bayan an miƙa su, a samu sunan muƙami takamaimai, domin "makaranta za ta kula" ba amsa ba ce. Abin da aka amince a rubuta shi a takarda ɗaya tare da zanen wurin, shugaban makaranta ya sa hannu. A Amurka, sikawut ɗin da ke neman matsayin Eagle, wato matsayi mafi girma na yaran sikawut a can, dole ne shi da kansa ya tsara aikin hidima ya jagorance shi, kuma sai waɗanda za su amfana da shugabanninsa sun amince da tsarin kafin ya fara. Ko ƙungiyarku ba ta da wannan doka, tsari ne mai kyau a ɗauka: yaro ɗaya babba ya riƙe ragamar aikin, manya su tsaya a bayansa.

Tambaya ɗaya ba a tsallake ta: me ke binne a ƙarƙashin wurin? Bututun ruwa, wayar lantarki, magudanar bayan gida. A ƙasashe da dama akwai ofishin da ake kira ya zo ya yi alama kafin a yi tono, kuma doka ce. Inda babu, a nemi taswirar ginin ko ma'aikacin da ya daɗe a makarantar ya zagaya da ku.

Zaɓen wuri

Ana buƙatar fili kamar mita 10 faɗi da mita 7 zurfi. A je a gan shi sau uku: a lokacin da za a riƙa darasin, da tsakar rana, da kuma bayan ruwan sama mai ƙarfi. Inda ruwa ya kwanta ya wuce awa ɗaya ko biyu, a bar shi. Gangare kaɗan, kamar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, shi ake so, don ruwa ya wuce da kansa.

Yara su fuskanci arewa ko kudu, don kada rana ta shiga idonsu da safe ko da yamma. Su kuma ba filin wasa da ƙofar makaranta baya, in ba haka ba malami zai yi ta magana idanu na can wani wuri. Hayaniya ma abin dubawa ce. A sarari babu bangon da zai dawo da murya, kuma ƙarfin sauti yana raguwa da kusan desibel 6 duk lokacin da nisa ya ninka. Shi ya sa a wannan tsari ɗalibi mafi nisa bai wuce mita 4.5 daga malami ba, kuma shi ya sa dogon layi miƙaƙƙe ba ya aiki a waje.

Inuwar bishiya ta fi kowace inuwa, amma a ɗaga kai a duba busassun rassa, da gidan zuma ko rina, da 'ya'yan da za su iya faɗo wa yaro a ka. Yawancin saiwoyin bishiya suna cikin santimita 60 na saman ƙasa ne, daidai zurfin ramukan da za ku tona. In aka ci karo da saiwar da ta kai kaurin santimita 5, kada a sare ta, a gusa da bencin. Bishiyar da aka datse wa manyan saiwoyi tana iya bushewa a hankali, a wayi gari inuwar da aka zo dominta ta tafi.

Awo

Tsayin wurin zama daga ƙasa ga 'yan firamare santimita 35 ne a layin gaba, 40 a layin baya don su hango malami ta saman kawunan na gaba. In 'yan sakandare ne, a kai shi 43 zuwa 45. Hanyar tabbatarwa mai sauƙi ce: a auna tsayin kujerun da suke zama a kai cikin aji. Kowane yaro yana cin santimita 45 na tsawon benci, saboda haka mita 1.8 na ɗaukar yara 4.

A kafa turke a inda malami zai tsaya. A ɗaura igiya marar miƙewa, a auna mita 3, a zagaya da tsinke a zana baka a ƙasa, a bi shi da toka ko farar ƙasa. Wannan layin gaba ke nan, bencuna 3. A sake zana wani a mita 4.2, na bencuna 5. Tazarar mita 1.2 tsakanin bakunan biyu tana barin hanyar wucewa kusan santimita 90 bayan an cire faɗin benci. Tsakanin benci da benci a bar santimita 50. A ƙarshen layin gaba a bar fili mai faɗin santimita 90 da tsawon mita 1.3 na keken guragu, a cikin layin tare da sauran yara, da hanya mai tauri wadda ta kai mita 1.2 faɗi zuwa wurin.

Katako da ƙarfe

Nan ne ya kamata a kashe kuɗi, a yi tsimi a wani wurin. Ƙafafun benci za su zauna cikin ƙasa, don haka sai katakon da aka dafa da magani a injin matsi kuma aka rubuta cewa na shiga ƙasa ne, ko kuma itacen da yake da ƙarko da kansa kamar iroko ko tik, shi ma zuciyar itacen, ban da farin gefen da ƙwari ke ci. Maganin da aka shafa da buroshi a sama kawai ba ya shiga ciki, gara da ruɓa za su bi ta tsaga su wuce shi.

Akwai katakon da bai kamata ya kusanci wurin zaman yara ba ko da kyauta aka bayar. Tsohon katakon da aka dafa da maganin CCA yana ɗauke da gubar arsenik, kuma a Amurka an daina amfani da shi a kayan gida da wuraren wasan yara tun ƙarshen 2003. Katakon layin dogo da na turakun waya masu baƙin man kwalta suna tsatso da zafi, su ɓata tufafi su ƙona fata. Katakon dakon kaya mai tambarin MB an yi masa hayaƙin guba, mai tambarin HT kuwa zafi kawai aka ba shi. Tsohon katako mai fenti yana iya zama fentin dalma ne, goge shi da samfefa na watsa ƙurar a huhun yara. Baƙin man inji kuma ba maganin katako ba ne, kada a shafa shi ko a ƙafa. Guntayen katako mai magani ba a ƙona su.

Magungunan zamani da suka maye gurbin CCA suna da jan ƙarfe da yawa a cikinsu, kuma jan ƙarfen nan yana cin ƙarfe na yau da kullum da sauri. Saboda haka sukuru da bolti su kasance waɗanda aka tsoma cikin narkakken zinki, ko na ƙarfen da ba ya tsatsa. Ƙusa ba ta dace da saman benci ba: katako na kumbura da damina yana motsewa da rani, a hankali sai ya turo kan ƙusa waje, ta kama wando ko ta yanki cinya.

Ga abin da bencuna 8 ke ci:

Katako 4×4 (awon inci ne) na ƙafafu, guda 6 masu tsawon mita 2.4. Kowanne na ba da ƙafafun benci 3 na santimita 80, ana buƙatar 16, biyu su zama na ko-ta-kwana.
Katako 2×6 na wurin zama, guda 8 masu tsawon mita 3.6, a raba kowanne biyu.
Katako 2×4 na matallafa, wato guntayen da wurin zama zai hau kansu, guda 3 masu tsawon mita 3.6, a yanka guntaye 32 na santimita 27.
Bolti mai kaurin milimita 10 guda 32 da noti da washa, da sukuru na santimita 7.5 guda 150.
Siminti buhu 3 na kilo 50, yashi kwanon sarki 12, tsakuwa kwano 30.

Kada a sayi bolti sai an auna katakon da ya iso. Sunan 2×4 suna ne kawai. Wanda aka goge a inji kaurinsa kusan santimita 3.8 ne da faɗin 8.9, wanda aka tsaga ba a goge ba kuwa yana iya kai 5 da 10. Bolti zai ratsa ƙafa da matallafi biyu, wato santimita 16.5 a gogaggen katako, sai a ɗauki na 18. A katakon da ba a goge ba sai na 22. Wajen zaɓe, a ɗaga kowane katako a leƙa tsawonsa daga baki ɗaya da ido ɗaya, a ajiye wanda ya karkace ko ya murɗe, da mai babban ƙulli a gefe.

Haɗa benci

A fara da guda ɗaya tak, a kammala shi, a ɗora a kan bulo a daidai tsayinsa, a kira yara biyu ko uku na ajin su zauna. In ƙafafunsu na lilo ko gwiwa ta tashi sama, yanzu ne gyara ke da arha. Bayan nan sai a mai da guntayensa abin kwatance, a riƙa ɗora su ana zana sauran, maimakon kowane yaro ya ja tef da kansa a samu tsayi iri takwas.

Kowace ƙafa tana samun matallafi biyu, ɗaya a kowane gefe, a gicciye a samanta kamar harafin T. A sare kusurwoyin ƙasa na matallafan a karkace don kada su bugi ƙwauri. A matse su uku wuri ɗaya, a duba da sikwaya, a huda rami biyu a karkace da juna, ɗaya sama ta hagu ɗaya ƙasa ta dama, kowanne santimita 2.5 daga baki. In ramukan biyu suka hau layi ɗaya na jijiyar katako, tsaga za ta bi ta tsakaninsu. A ɗaure noti har washa ta fara kama katako, a tsaya. Bakin boltin da ya fito a yanke shi a goge da zarton ƙarfe da magagari.

Akwai wani ƙaramin abu da ake yawan mantawa, shi ne kuma ke kashe irin wannan benci. Tazarar da ke tsakanin katakon zama biyu tana faɗowa daidai kan ƙafar, inda jijiyoyin itacen suke a buɗe suna shan ruwa. Duk ruwan da ya sauka a benci ta nan yake ɗiga. Don haka a sa kan ƙafar ya yi ƙasa da matallafan da santimita 1, a yanke shi da ɗan gangare, a shayar da shi maganin katako sau biyu ko uku har ya daina sha, sannan a rufe shi da guntun ledar rufi mai kwalta ko guntun kwano da aka lanƙwashe bakinsa. Aikin minti biyar ne a kowace ƙafa. Haka kowane bakin da zarto ya taɓa a shafa masa magani, domin yanka yana buɗe cikin da magani bai kai sosai ba. Bakin da aka yanka a masana'anta, wanda ya sha magani, shi za a juya ƙasa ya shiga rami, in ƙafar na da shi.

A kifa katakon zama biyu a ƙasa mai lebur, a sa tazarar milimita 6 a tsakaninsu, kaurin fensir ya isa. In katakon ya zo da danshin magani, a rage zuwa milimita 3, zai motse ya buɗe da kansa. Tsakiyar kowace ƙafa ta kasance santimita 30 daga bakin benci, tsakanin ƙafafun biyu ke nan mita 1.2. In aka tura ƙafafun can baki, tsakiya za ta lotsa. Kowane katako na samun sukuru biyu a kan kowane matallafi, 16 ke nan a benci. A fara huda ƙaramin rami kafin a ɗaura, kuma kan sukurun ya nutse daidai da fuskar katako. In ya nutse da yawa ya zama ɗan kwarmin tara ruwa.

Gugar samfefa a yi ta kafin a kafa. Duk kaifin baki da kusurwa a mulmule shi, a fara da samfefa mai lamba 80 a gama da 120. Gwajin shi ne a ja tsohon tsumma a kan katakon, duk inda zare ya maƙale akwai sartse. Masu guga su rufe hanci da baki, a kuma yi a waje.

Tono da kankare

Dalilin haɗa bencin gaba ɗaya kafin tono shi ne, kafa ƙafafu daban sannan a zo ɗora sama yana buƙatar ƙafafu 16 su tsaya daidai tsayi da tazara, abin da ke ba ƙwararru ma wahala. Bencin da aka riga aka haɗa nauyinsa kilo 20 zuwa 30 ne, yara uku za su ɗauka, kuma shi da kansa yake riƙe tazarar ƙafafunsa.

Da farko a kankare ciyawa da ƙasar sama kamar santimita 7 a duk filin, domin nan za a zuba shimfiɗa daga baya. A kafa turaku a ja igiya a daidai inda fuskar shimfiɗar za ta tsaya, duk awon tsayi daga wannan igiya za a yi shi. Masu auna tsayi daga ƙasar da aka kankare sukan gama su zuba shimfiɗa su tarar bencin ya gajarce da santimita 7.

A yanki sanda mai alama biyu a tazarar mita 1.2, a riƙa ɗora ta a kan bakan da aka zana ana sa alamar ramuka. Faɗin rami santimita 25, zurfi 60 a layin gaba, 55 a layin baya. Bangon ramin ya miƙe tsaye, ko ƙasan ya ɗan fi saman faɗi. Ramin da ya buɗe a sama ya tsuke a ƙasa yana ba da kankaren da ke girgiɗi. A ƙasashen da ƙasa ke daskarewa da hunturu, sai rami ya wuce zurfin da ƙanƙara ke kaiwa, in ba haka ba za ta riƙa turo ƙafar sama kowace shekara, kuma a nan ƙafafun za su fi santimita 80 tsawo. A ƙasa mai yashi sosai ma a ƙara faɗin ramin zuwa 30.

A zuba tsakuwa santimita 10 a gindin kowane rami a daddaɓe. A saukar da benci, ƙafafun su zauna a kan tsakuwar, a ɗan ƙara tsakuwa santimita 2 ko 3 kewaye da gindin. Manufar ita ce kankare ya rungumi ƙafar ta gefe kawai, ƙasanta ya zauna a buɗe. In kankare ya zagaye ta har ƙasa, ya zama kofi: katako zai motse, ruwa ya bi ta siririyar tazarar ya taru a gindi ba mafita, ƙafar ta yi ta jiƙa shekara da shekaru.

A tallafe bencin da bulo ko guntayen katako a ƙarƙashin wurin zama har ya kai tsayinsa. A ɗora lebur mai ruwa a tsawonsa, ƙwayar ta tsaya tsakiya. A faɗinsa kuwa a bar shi ya karkata baya da milimita 3 zuwa 5 don ruwa ya zube. A kafe shi da sanduna biyu a karkace zuwa turaku. Sai an kafa duk bencunan layi ɗaya, mutum ya koma wurin malami ya tsuguna ya duba sun yi layi, sannan a fara kwaɓi.

Haɗin shi ne siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4. Buhu ɗaya kwanon sarki biyu ne, saboda haka buhu na cin yashi kwano 4 da tsakuwa kwano 8, da ruwa kamar lita 25, a rage in yashin na da danshi. A gauraya a bushe har launi ya zama ɗaya kafin a sa ruwa. Kwaɓin da ya yi daidai yana tsayawa a kan shebur ba ya kwarara. Yara suna son ƙara ruwa don juyi ya yi sauƙi, wannan kuwa shi ke raunana kankare, don haka mutum ɗaya kaɗai ya riƙe bokitin ruwa. Kowane rami na cin kusan lita 20. A zuba rabi, a soka sanda sau da yawa iska ta fita, a cika, a sake duba lebur nan take tun bai kama ba. Saman kankaren ya ɗan ɗara fuskar shimfiɗa, a gyara shi da cokalin gini ya gangaro daga jikin katako zuwa waje. In aka bar shi ƙasa aka rufe da turɓaya, danshi zai zauna a wuyan ƙafar, inda ruɓa ta fi kamawa.

Ɗanyen siminti yana ƙona fata, kuma ba a jin zafin sai bayan awanni. Safar hannu ta roba, takalmi rufaffe, tabarau na kariya, da bokitin ruwa mai tsabta a kusa. In ya shiga ido a wanke da ruwa mai yawa na aƙalla minti 15 a tafi asibiti.

Sandunan tallafi su kwana biyu kafin a cire. A riƙa yayyafa wa kankaren ruwa safe da yamma har kwana 7, a rufe shi da buhu ko leda, kuma kada kowa ya zauna kafin nan. A kwana 7 ya samu kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa, cikakken ƙarfin da ake lissafi da shi sai kwana 28. Saboda haka ya fi kyau zubin ya faɗo farkon hutu. In makaranta na ci, a zagaye wurin da igiya da alama, a kuma roƙi malamai su sanar a taron safe. Ramin da ba a cika ba kada ya kwana a buɗe, a rufe shi da katako a danne da bulo.

Shimfiɗa da shafe

In aka bar ƙasa haka, ƙafafun yara 64 za su haƙa kwari a gaban bencunan cikin zango ɗaya, ruwa ya taru a ciki. A shimfiɗa yadin hana ciyawa mai barin ruwa ya wuce, ban da leda, a zuba ƙananan tsakuwa masu gari a daddaɓe su. Fili mai murabba'in mita 50 a kaurin santimita 7 yana cin mita kubik 3.5. Ɓawon itace da aka markaɗa ya fi taushi, amma inda gara take, kiran ta ne, kuma keken guragu ba ya tafiya a kansa. A sa wa gefen filin iyaka da bulo ko dutse don kada shimfiɗar ta watse.

Kada a yi gaggawar shafe. Katako mai magani yakan ɗauki makonni kafin ya bushe. A ɗiga masa ruwa: in ya shanye cikin 'yan mintuna ya shirya, in ya tsaya ƙwaya-ƙwaya a ƙara jira. Man katako mai shiga ciki ya fi banish da fenti mai sheƙi, domin waɗannan fata suke yi a sama, rana ta fasa ta, ruwa ya shiga ƙarƙashi ya kasa fita, sai ɓarewa. In makaranta na son launi, a zaɓi mai haske, don baƙi da shuɗi mai duhu suna ɗaukar zafin da yaro ba zai iya zama a kai ba. Tsumman da aka shafa man linsid da shi yana iya kamawa da wuta da kansa in aka dunƙule shi aka jefar. A baza shi ya bushe a sarari ko a tsoma shi a ruwa.

Rabon aiki

Aikin yana shiga kwana uku na aiki: ranar yanka da haɗawa, ranar tono da zubi, da ranar shimfiɗa bayan mako guda, sai rabin yini na shafe daga baya. A raba yara rukuni-rukuni na mutum 4 zuwa 6, kowane rukuni da babbansa da aikinsa guda. Zarton lantarki na manya ne kaɗai. Injin huda da ɗaure sukuru manyan yara za su iya riƙewa da babba a tsaye, ƙanana kuma su yi awo, guga, riƙe lebur da dakon tsakuwa a baro rabin cika. Masu diga su ba juna tazarar mita 3. A tanadi izinin iyaye a rubuce, akwatin taimakon farko, ruwan sha, da manya aƙalla biyu a wurin koyaushe. Kafinta ko birkila da aka gayyato a gaya masa tun farko cewa nunawa zai yi. Ya ɗaura sukuru biyu yara na kallo, ya miƙa musu injin. Zai ga kamar ana ɓata lokaci, amma yaron da ya huda ramin da hannunsa shi zai iya gyara bencin nan gaba.

A ranar miƙawa a ba makaranta takarda ɗaya mai zanen wurin, da sunan irin katako da man da aka shafa, da ragowar sukuru da sifana mai girman notin. Bayan wata ɗaya zuwa uku a dawo a ƙara ɗaure kowane noti, domin katako zai motse su saki. Daga nan sau ɗaya a shekara, kafin lokacin ruwa: a girgiza kowane benci, a bi samansa da tsumma don neman sartse, a duba jikin ƙafafu ko gara ta yi hanyar ƙasa, a sake shafa mai, a cike shimfiɗar inda ta lotsa. Sannan a ɗauki sukudireba a danna bakinta a wuyan kowace ƙafa, daidai inda ta shiga kankare. In ta shige fiye da rabin santimita ba da ƙarfi ba, ruɓa ta fara, a hana zama a wannan benci har a canza ƙafar.